Daga Kano Zuwa Busua, Inda Ake Hawan Raƙuman Teku

Ɗaurin aure ne ya fitar da ni daga Kano zuwa Takoradi a cikin watan Agusta. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya daɗe da zama a zangon wannan gari na ƙasar Ghana, can ya yi aure ya hayayyafa, kuma da ya tashi aurar da babban ɗansa sai dangi suka ce ni zan wakilce su. Kuɗin jirgin sama ya fi ƙarfin aljihuna, saboda haka na tanadi fasfona na ECOWAS da katin rigakafin cutar shawara, wanda ake nema a iyakokin yankin nan, na hau motar dare daga Sabon Gari zuwa Legas. Wannan kashi na tafiyar babu abin ba da labari a cikinsa, in ban da tsawon hanya da ciwon baya.

Daga Legas zuwa Akra bai cika kilomita 500 ba, amma sai matafiyi ya ƙetare iyaka uku, ya ratsa Benin da Togo, ya riƙe kuɗi iri uku a aljihunsa. Tun daga Badagry har zuwa Seme shingayen bincike ne a jere, kafin direba ya gama sa giya bayan ya bar wani, ga wani can an ɗaga masa hannu, kuma kowane shinge da kalar kakin masu tsaronsa. A ɗaya daga cikin iyakokin wani jami'i ya buɗe fasfona ya ga babu hatimi ko ɗaya a ciki, sai ya ce sabon fasfo yana da kuɗinsa na daban, kuma ba a ba da rasit. Na tsaya zan yi magana ke nan, wata Hajiya 'yar kasuwa daga Damagaram, wadda ta daɗe tana bin hanyar da atamfa, ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, biya mu wuce. In ka tsaya neman gaskiya a nan, motar nan za ta tafi da kayanka ta bar ka." Na biya raina a ɓace. Abin da ya sanyaya mini zuciya shi ne, a Seme da Hilakondji da Aflao duka, na tarar da 'yan canji da masu shayi suna Hausa, kuma daga bakinsu na san ainihin farashin sefa da sidi kafin in canza ko sisi.

A Lome hanya ta bi gefen teku sosai, amma ta tagar mota ne kawai na gan shi, kamar yadda ake ganin garin da ba a sauka ba. Togo da Ghana suna bayan Najeriya da awa ɗaya, sai na gyara agogona saboda lokutan salla. Mun haye gadar kogin Volta a Sogakope da almuru, muka shiga Akra da dare, na kwana a unguwar Nima wajen wani aminin kawuna. Da safe na karya da koko da ƙosai, na nufi tashar Kaneshie inda motocin yamma ke lodi. Tsakanin Akra da Takoradi ya haura kilomita 200, kuma cunkoson Kasoa kaɗai ya cinye mana babban rabon safiyar. Mun wuce Cape Coast da Elmina, muka isa Takoradi da la'asar, garin da aka buɗe tashar manyan jiragen ruwansa a 1928.

An ɗaura aure lafiya, an ci an sha, an watse. Washegari ƙanin ango, saurayi mai aiki a tashar jiragen ruwa, ya ce mini, "Yaya, ba za ka zo har nan ka koma ba ka ga teku a gidansa ba. Wanda ka gani a Takoradi an yi masa katanga. Mu je Busua." Kawu yana zaune yana jan carbi, ya ɗaga kai ya ce, "Ku je, amma ka ji ni da kyau, ɗan nan. Na san ka tashi kana iyo a kogin Wudil, to wancan ba kogin Wudil ba ne. Kada ka sa ƙafa inda 'yan garin ba su nuna maka ba."

Ƙaramar bas ta haya, wadda suke kira trotro, ta kai mu Agona Nkwanta a kan sidi 15 kowannenmu. Hanyar ta ratsa gonakin kwakwar manja da na roba, inda bishiyoyi ke tsaye a layi, kowace an tsaga mata baya a karkace an rataya mata ɗan kofi yana tarar farin ruwan da ke ɗiga. Shinge ɗaya kawai muka tarar, aka leƙa mota aka ce mu wuce. Daga Agona muka shiga tasin haɗaka, tafiyar kimanin kilomita 10, zuwa Busua.

Kunne ne ya fara sanar da ni mun iso, ba ido ba. Tun daga bakin gari ake jin wani rugugi mai kauri wanda ba ya yankewa, kuma da muka bi wani lungu tsakanin gidajen masunta muka ɓulla, sai ga shi a gabana. Gaɓar ta yi lanƙwasa mai tsawo ta farin yashi, bishiyoyin kwakwa sun jeru a bayanta, kwale-kwalen masunta masu fenti da tutoci an jawo su tudu. Daga yamma ƙasa ta miƙa kai cikin ruwa da baƙaƙen duwatsu, raƙuman ruwa suna dukansu suna tashi sama fari fat. Can tsakiya kuma akwai ɗan tsibirin Abokwa, dutse da 'yan bishiyoyi, ruwa yana fashewa a kewayensa. Sama ta yi toka-toka, iska tana kaɗawa da sanyin da ban zata ba, domin daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙarƙashin teku mai sanyi yana tasowa sama a wannan gaɓa, shi ke sanyaya iska, shi kuma ke kawo ƙananan kifaye kusa da ƙasa. Na daɗe a tsaye ina tasbihi.

Busua ƙaramin gari ne a ido, amma mazaunin babban sarkin Ahantawa ne, kuma mutanensa suna riƙe da tarihinsu. A 1838 Turawan Holan suka rataye sarkinsu, Badu Bonsu na Biyu, bayan rikicin da aka kashe wakilansu a cikinsa, suka yanke kansa suka tafi da shi ƙasarsu. Kan ya zauna cikin kwalbar magani a birnin Leiden har sai a 2009 aka maido da shi Ghana. Dattijon da ya ba mu masauki ya ba ni wannan labari da irin muryar wanda abin ya faru da kakansa na kusa.

Ɗakin da muka kama na sidi 200 ne a dare, da fanka da gidan sauro, a bayan layin otal-otal na bakin ruwa waɗanda kuɗinsu ya ninka haka sau da yawa. Komai na ƙarfe a gidan ya ci tsatsa, daga sakatar ƙofa har kan famfo, saboda gishirin da iska ke ɗauko wa, kuma rigar da na wanke ta ƙi bushewa. Daren farko barci ya gagare ni don ƙarar ruwa. Abinci kuwa bai ba ni wahala ba, tunda kifi ne ginshiƙinsa: ana gasa shi a gabanka, a haɗa maka da dunƙulen ƙullun masara mai tsami da aka dafa cikin ganye, da baƙin yajinsu na shito, a kan sidi 40 zuwa 50. Nama na bar shi sai na koma zango. Da asuba, da ruwan famfo ya ɗauke, na gangara na yi alwala da ruwan teku, na tuna hadisin da ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Na karanta wannan tun ina yaro a zaure, amma sai ranar na san ɗacin gishirinsa a baki wajen kurkura.

Ina idar da salla na ga abin da ya sa sunan Busua ya fita duniya. Gari bai gama wayewa ba samari suka fara fitowa, kowane da dogon allo a hammata. Sai su durƙusa a yashi su goga wa allon wani irin kaki don kada ƙafa ta zame, su ɗaura igiyar roba da ke manne da wutsiyarsa a idon sawu, sannan, abin da ya fi jan hankalina, su tsaya shiru suna kallon ruwa na ɗan lokaci kafin su shiga. Suna shiga sai su kwanta rub da ciki a kan allon suna tuƙi da hannuwa, in raƙumi ya taso musu su danna kan allon su nutse ta ƙarƙashinsa, har su wuce inda ruwa ke fashewa, su zauna can suna jira. Da wanda suke so ya taho, sai mutum ya juya allonsa ya fuskanci tudu, ya yi tuƙi da ƙarfi, ruwan ya ɗaga shi, cikin ƙiftawar ido ya miƙe tsaye, ya gangara a karkace ta gefen da bai fashe ba tukuna, kumfa na bin bayansa. Wani yaro da bai fi shekara goma sha biyu ba ya yi ta lanƙwasa allonsa sama da ƙasa a jikin ruwan har ya kawo gaɓa, ya sauka ya koma ciki a guje.

Na nemi mai koyarwa, aka haɗa ni da wani matashi ɗan masunci, wanda ya ce zai ba ni allo da darasi a kan sidi 150. Na ɗauka kai tsaye za mu shiga ruwa, sai ya zaunar da ni a yashi ya ce, "Alhaji, kafin allo sai ka iya karanta teku." Ya bayyana mini cewa raƙuman nan ba iskar Busua ce ke tayar da su ba, guguwoyi ne can kudancin tekun Atlantika, dubban kilomitoci daga nan, ke turo su, shi ya sa suka fi girma a watannin damina, lokacin da kudancin duniya ke cikin hunturu. Suna zuwa rukuni-rukuni, manya a jere, sannan ruwa ya lafa na ɗan lokaci, kuma wannan lafawar ita ke yaudarar baƙo ya matsa ciki. Ya nuna mini alamar da ruwa ya bari a yashi, ya ce teku yana cika ya janye sau biyu a yini da dare saboda jan wata, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana, don haka wurin da ka tsaya lafiya da hantsi yana iya shanye ka da la'asar.

Daga nan ya miƙa hannu ya nuna wani zirin ruwa mai duhu, inda raƙuma ba sa fashewa, ya tambaye ni ina zan zaɓa in yi iyo. Kowane mai iyon kogi wannan wuri mai kwanciya zai nuna. Ya ce to nan ne mafi haɗari a duk gaɓar. Ruwan da raƙuma ke tarawa a bakin gaɓa dole ya sami hanyar komawa, sai ya haƙa kwari a cikin yashi ya bi ta nan da gudu zuwa ciki. Ya jefa ɓawon kwakwa a wurin, muna kallo ya miƙe ya nufi tsakiyar teku ba waiwaye. Ya ce wannan igiya ba ta jan mutum ƙasa, waje take fitar da shi, kuma abin da ke kashe mutane shi ne su juyo su yi ta kokawa da ita har ƙarfinsu ya ƙare. Wanda ta ɗauka ya bar jikinsa ya yi yawo a saman ruwa, ya ɗaga hannu, ya yi iyo a gicciye, daidai da layin gaɓa, domin zirin ba shi da faɗi sosai, da ya fita daga cikinsa raƙuma da kansu za su maido shi.

Sai bayan wannan muka shiga da allon masu koyo, babba mai taushin soso, a inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Ruwan gishiri yana ɗaga jiki fiye da na kogi, amma ba ya barin mutum ya huta, yana tura ka yana janye yashin da ke ƙarƙashin tafin ƙafarka. Na sha faɗuwa, ruwa ya shiga hanci, gwiwoyina suka goge. Da ya tura allon a kan wani raƙumi da ya riga ya fashe, na samu na miƙe, ruwan ya ɗauke ni ya kai ni har tudu, kuma daɗin da na ji a wannan 'yar tafiya ya sa na fahimci abin da ke fito da yaran nan tun asuba cikin sanyi.

Ranar Lahadi na ga amfanin darasin da idona. Motoci sun kawo masu yawon shaƙatawa daga Takoradi, gaɓa ta cika da kiɗa da masu wasan ƙwallo. Wani saurayi majiyin ƙarfi ya rabu da abokansa ya shiga daidai zirin nan mai kwanciya. Kafin a ankara ya yi nisa, yana ta dukan ruwa yana son dawowa ta inda ya fito, kansa yana ɓacewa yana bayyana, abokansa suna ihu a tudu, biyu daga cikinsu suna shirin faɗawa su bi shi. Wani yaro daga cikin masu allo ya daka musu tsawa su tsaya, ya suri allonsa ya faɗa cikin igiyar da kanta, ya bar ta ta kai shi da sauri. Da ya isa bai miƙa hannu ba, allon ya tura tsakaninsu, domin wanda ke nutsewa in ya damƙe ka tare za ku tafi. Saurayin ya rungume allon, yaron ya ja shi a gicciye har suka fita daga zirin, kumfa ta turo su gaɓa. Mutumin ya kwanta yana aman ruwa jikinsa na rawa. Yaron kuwa ya gyara igiyar ƙafarsa ya koma ruwa.

Wannan abu ya tsaya mini a rai, domin ya tuna mini da gida. Mu ma muna da ruwa: koguna, madatsun ruwa irin su Tiga da Watari, da kududdufan da damina ke cikawa a bayan gari. Amma abin da muke gadar wa 'ya'yanmu game da ruwa tsoro ne kawai. Ana ce wa yaro akwai aljani a ciki, ana dukansa in an kama shi ya je, shi kuma ba zai fasa zuwa ba, sai dai ya je a ɓoye ba tare da sanin komai ba, kuma kusan kowace damina sai an yi jana'izar irin waɗannan yara. Ni kaina a ɓoye na koyi iyo, ba wani babba da ya taɓa nuna mini yadda ake ceton wanda ke nutsewa. Ban manta da jirgin ruwan da ya kife a Bagwai a ƙarshen watan Nuwamba na 2021 ba, wanda yawancin waɗanda suka rasu a cikinsa 'yan makarantar Islamiyya ne. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an umarce mu da riƙon sababi. Matashin da ya koya mini hawan allo ya gaya mini cewa su ma a da haka suke: iyayensu masunta ne, amma suna hana yara wasa da teku, kuma 'yan mata ba sa kusantarsa sam. Da wasan allo ya shigo garin, aka buɗe wuraren koyarwa, sai yaran suka koyi iyo da karatun ruwa tare da shi, har suka zama su ne masu ceto. Ilimin nan muna da irinsa a wajen Sarkawa da masuntan Argungu da na tafkin Chadi, sai dai ya tsaya a gidajensu, bai shiga makarantunmu ba, kuma ina ganin wannan babbar asara ce.

Ba zan ɓoye abin da bai yi mini daɗi ba. A tsakiyar gaɓar, inda otal-otal suke, ana shan giya a fili, kuma shigar wasu baƙi ba irin wadda tarbiyyarmu ta yarda da ita ba ce. Musulmin da ya zo da iyalinsa zai fi samun natsuwa da sassafe, ko ya taka gabas ta wajen ƙauyen Butre, inda yashi ya miƙe babu kowa sai ƙaguwa. Na kuma ga 'yan matan garin suna hawan allo cikin dogon wando da riga mai dogon hannu, wanda ya nuna mini cewa koyon ruwa bai tilasta wa kowa zubar da suturarsa ba. Sai kuma shara: bayan kowace cikar teku ledoji da robobi da wata ciyawar ruwa mai ruwan ƙasa suna taruwa a gaɓa, matasa suna kwashewa da safe, teku yana maido da wata.

Da yamma muka ƙetare bakin ƙoramar da ke yammacin gari, muka hau wata siririyar hanyar ƙafa da ke bi ta kan tudu zuwa Dixcove. A nan ne gaɓar ta nuna kaushinta. Babu yashi, sai duwatsu masu kaifi da santsi, ruwa yana shiga ramukansu yana fitowa da ƙara. A gefen wannan tudu akwai wurin da masu allo ke kira Black Mamba, inda raƙumi ke naɗewa a kan dutse ya yi doguwar tafiya, kuma ƙwararru kaɗai ke shiga. Mun tarar da ɗayansu zaune yana cire ƙayoyi daga tafin ƙafarsa da allura, na wata baƙar halittar ruwa mai ƙaya da ke maƙale cikin duwatsun. Ƙayar tana karyewa a cikin nama, sai an bi ta a hankali. Ya ce wanda zai shiga nan sai ya san inda kowane dutse yake a lokacin cika da lokacin janyewa.

Dixcove garin masunta ne na gaske, mashigarsa cike da manyan kwale-kwale masu zuwa nesa, hayaƙin bandar kifi ya rufe unguwanni. A kan tudun da ke kallon mashigar farar ganuwar Metal Cross, wato tsohon ginin tsaro na Turawa, take tsaye, wadda Ingilishi suka gina a shekarun 1690, ta koma hannun Holan a 1868, ta dawo wa Birtaniya a 1872, kuma tana cikin ganuwoyin Ghana da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. An tsare bayi a ɗakunanta kafin a ɗora su a jirgi, kuma na fito daga ciki zuciyata a cunkushe. A ƙasa wani tsohon masunci da ke ɗinkin koma, wanda ya zauna a zangon Sekondi har ya iya Hausa, ya ce mana kifi ya ragu ƙwarai, manyan jiragen kamun kifi suna kwashe har ƙananan da ba su isa kamu ba. Ya ce shi ya sa bai hana jikansa ɗaukar allo ba, tunda koyar da baƙi yana kawo abin da koma ta daina kawowa. Ranar Talata, kamar a yawancin garuruwan gaɓar Ghana, ba sa shiga teku, ranar gyaran koma ce da hutawa.

Tafiyarmu ta ƙarshe zuwa Cape Three Points ce, ƙarshen ƙasar Ghana ta kudu. Hanyar jar ƙasa ce ta cikin gonakin roba, damina ta farfasa ta, kuma mai tasin da ya yarda ya kai mu ya karɓi fiye da kuɗin ɗakinmu na dare. Sau da dama muka sauka muka tura mota cikin taɓo. A can hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1925 tana tsaye a kan dutse, teku ya kewaye ta ta ɓangarori uku yana duka da ƙarfin da ya sa na Busua ya zama mai sauƙi a idona. A cikin wannan ruwa ne, can nesa da gaɓa, aka gano rijiyar mai ta Jubilee a 2007, aka fara haƙo shi a ƙarshen 2010, amma hanyar ƙauyukan da ke kallon wurin ita ce wadda muka sha wuya a kanta. Ruwan sama ya kama mu a dawowa, ba mu isa Agona ba sai bayan isha.

Na koma Takoradi na yi sallar Juma'a a zango, na yi sallama da Kawu da iyalinsa, suka haɗa ni da goro da busasshen kifi na kai wa dangi. Hanyar da na bi ita na sake bi zuwa Legas, daga nan zuwa Kano. Da na zauna na lissafa kuɗin tafiyar, sai na tarar duk abin da na kashe a Busua, da masauki da abinci da darasi da motar Cape Three Points, bai kai abin da shingaye da iyakoki da canjin kuɗi suka ci ba a zuwa da dawowa.